Igiyar Kunkurun Larai

Wanda bai san Safara'u ba sai ya ce mace ce mai dakakkiyar zuciya, don ko kunama ta gani da takalmi take bin ta tana zagi. Amma 'ya'ya uku ta binne kafin ta haifi Larai, babu wanda ya kai yaye a cikinsu, tun daga nan tsoro ya samu wurin zama a ƙirjinta. Ran sunan Larai, Goggo, ƙanwar uban mijinta, ta zo daga Gagarawa da wani ƙaton kunkuru a cikin mangala. Ta ce a sake shi a tsakar gida, duk sharrin da ya nufo jaririya shi zai tare. Safara'u ta karɓi maganar ta ƙara mata gishiri da kanta, ta ƙudurta cewa ran kunkurun nan da ran 'yarta abu ɗaya ne. Limamin ƙauyen ya sha faɗa mata camfi ne. Takan ce, "To, Allah gafarta Malam," ta koma gida ta yanka wa kunkuru kabewa.

Haka suka girma tare a ƙauyensu da ke arewa da Sule Tankarkar, Larai na tatata, kunkuru na bin ta a baya, girmansa ya fi masaki. Duk bazara Safara'u kan jiƙa masa yashi a gindin randa, ya kwanta a cikin sanyi har damina ta sauka. Sai ga shekarar farin nan, wadda ta biyo bayan mayar da motoci hannun dama. Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, rijiya ta koma sai an kwana a layi. Ruwan da mutum zai sha ma da dabara ake samu, ina ga na zubar wa ƙasa?

Kunkuru ya ga abin ba na ƙare ba ne, ya koma bayan rumbu ya fara tona. Safara'u ta ga bakin ramin, ba abin da ya tuna mata sai ƙananan ramukan nan uku na bayan gari. Ta ɗauko fartanya ta cike. Ya sake tonawa, ta sake cikewa. Ya daina cin ganye, idanunsa suka faɗa, ya riƙa zama a rana baki buɗe.

Adda, wata dattijuwar Bafulatana da ke kawo musu nono tun shanu na da nonon, ita ce ta tsaya a kansa wata rana ta riƙe haɓa.

"Uwar Larai, kashe shi za ki yi?"

"Ni da nake tsaronsa, Adda? Kabari yake so ya haƙa mini a cikin gida."

"Wane irin kabari? Barci zai yi. A daji haka muke ganinsu, zafi ya yi su shige ƙasa, ba ci ba sha, sai ruwan farko ya tashe su. Ki bar shi ya shiga, ki manta da shi."

"In manta da shi? In ya mutu a can fa ban sani ba?"

"In kika riƙe shi a nan, a gaban idonki zai mutu."

Safara'u ta rasa inda za ta sa kanta. Ta bar shi ya shiga ƙasa tsoro, ta hana shi tsoro. Daga ƙarshe ta fito da dabarar da ita kaɗai za ta iya fitowa da ita. Ta sa mijinta Ɗantsoho ya huda gefen ƙoƙon bayan kunkurun, aka zura tsohuwar igiyar guga aka ɗaure, ɗaya bakin kuma aka ɗaure a turke. Ɗantsoho ya yi ta gunaguni, ya ce bai taɓa jin an yi wa mai barci linzami ba, amma ya yi, don ya san matarsa.

Kunkuru ya shige. Kullum da safe Safara'u ta durƙusa a bakin rami, ta naɗe igiyar a wuyan hannu, ta ja. In ta ji an ja daga ciki sai ta sauke ajiyar zuciya. Ba ta lura ba cewa duk jan da take yi tashinsa take daga barci, shi kuma ƙara nutsawa yake don ya tsere mata. Igiyar da ke tule a bakin rami ta yi ta raguwa har ta miƙe. Larai kuwa tana tsugune a gefe tana kallo, uwar na ce mata, "Kin ga igiyar nan? Ranki ne. Kada a kuskura a sake ta."

Wata Alhamis maza suka tafi Maigatari da sauran dabbobin da suka rage, tun ba su mutu a hannunsu ba. Ƙauyen ya zama sai mata da tsofaffi. Rana ta take tsaka, zafi kamar a bakin murhu, Safara'u na tankaɗe dawar agaji a rumfa, Adda na zaune tana hutawa kafin ta kama hanyar ruga. Sai Safara'u ta ji gidan ya yi shiru da yawa.

"Larai!"

Babu amsa. Ta leƙa ɗaki, ta leƙa bayan randa. Ƙafafunta da kansu suka kai ta bayan rumbu. Turken ba ya nan, sai gurbinsa. Daga gurbin zuwa bakin rami ga sawun jan ciki a kan yashi, da ɗan takalmin roba wari guda.

Ta ƙwala wa Adda kira. Ta faɗi ta kafa kunne a bakin ramin. Can ciki ta jiyo wani ɗan kuka siriri, kamar na ɗan akuya.

Adda ta iso da gudu, ta ga Safara'u ta rarumi fartanya, ta riƙe hannunta.

"Kada ki sara! Yashi ne, rufta mata zai yi. Shiga da kai, ni zan riƙe ƙafafunki."

Safara'u ta kwance ɗankwali ta cusa kai. Ramin ya matse mata kafaɗu, duhu ya rufe ta, ga wari, ga yashi na zubo mata a ƙeya. Ta tuna macizai na son irin wannan wuri, ta kawar da tunanin. Ta yi ta turawa har ƙugunta ya shige, tana lalube, sai yatsunta suka taɓa wani ɗan tafin ƙafa mai ɗumi. Ta damƙe ta ja.

Larai ta ƙwala ƙara, amma ba ta taso ba.

"Inna, hannuna!"

"Saki igiyar, Larai!"

"Kin ce kada a saki."

Safara'u ta ji kamar an soke ta. Ta bi jikin yarinyar da hannu har wuyan hannunta. Igiyar na naɗe a wurin, irin naɗin da take yi kullum da safe, turken ya gilma ya ɗaure naɗin tamau. Kunkuru ya tumɓuke turke, yarinya ta kama don kada ranta ya tafi. Yanzu kuma hayaniya ta firgita shi, Safara'u na jin yadda yake turjewa yana ƙara yin ƙasa, 'yarta na zamewa daga hannunta kaɗan kaɗan.

"Adda, wuƙa!"

Adda ta saki ƙafa ɗaya, ta zaro 'yar wuƙar da take fafe ƙwarya da ita, ta tura ta gefen cikin Safara'u har ta kai hannunta. Safara'u ta ɗora kaifin a kan igiyar, sai hannun ya ƙi. Shekara uku tana gaya wa kanta abin da ke ƙarshen igiyar nan ran 'yarta ne. Ta ga fuskokin ukun nan ɗaya bayan ɗaya. In ta yanke, da hannunta ta yanke. Wani guntun ƙasa ya faɗo mata a gadon baya, Larai ta fara tari, kukan ya ragu.

"Me kike jira?" muryar Adda ta zo daga nesa. "Bakin ramin yana tsagewa!"

Safara'u ta ce bismillahi ta yanke.

Adda ta ja da ƙarfin da ba wanda ya san tana da shi. Suka fito tare, uwa da 'ya, fari fat da ƙasa. Ba su gama mirginawa gefe ba bakin ramin ya zauna, gindin rumbu ya karkata a kansa. Safara'u ta ƙwaƙule yashi daga bakin Larai, ta hura mata hanci. Yarinyar ta yi atishawa, ta ɓarke da kuka mai ƙarfi, ta ce ruwa za ta sha. Aka ba ta na randa duka, ba wanda ya yi maganar gobe.

Da Ɗantsoho ya dawo da yamma ya ji labari, ya daɗe tsaye a bayan rumbu. Ya ce ko ya tara mutane a tono kunkurun? Safara'u na zaune da Larai a cinya, tana shafa mata man shanu a inda igiya ta ci. Ta ce a bar shi. Ba ta san ko yana da rai a ƙarƙashin ƙasar nan ba, kuma babu sauran hanyar da za ta sani.

Washegari ta farka hannunta na neman abin ja. Tsoron na nan, bai je ko'ina ba. Ta zauna a bakin gado ta rasa yadda za ta yi da hannun, sai ta ɗora shi a ƙirjin Larai da ke barci. Ƙirjin ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa. Ta bar hannun a wurin har rana ta fito.