Sarewa Mai Kacau-kacau

Ƙanena Lukumanu ya dawo daga yaƙi a shekarar saba'in ba idanu. Sojoji suka kawo shi Zoza a mota, suka sauke shi da akwatinsa, ya shige ɗaki. Wata bakwai bai ƙetare zaure ba, ko masallacin ƙofar gida ya ƙi zuwa. In an kawo abinci ya ci, in an gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ina kallon yaron yana ƙarewa a zaune.

Wata safiya bayan an gama cirar gyaɗa, na leƙa gaishe shi, sai ya ce, "Yaya Barau, in ka shiga Rogo ka sayo mini hamonika. Mai araha, koyo zan yi."

Na ce mene ne kuma wannan? Ya ce 'yar sarewar ƙarfe ce mai jerin ramuka, tsawonta bai fi tafin hannu ba, wani abokinsa ne ke busa musu a bakin daga. Shi ne abu na farko da ya roƙe ni tun dawowarsa, saboda haka ban ja magana ba. Amma fa gidanmu gidan malamai ne. Kakanmu ya karantar, babanmu ya karantar, ni ne dai kai ya ƙi ja na koma gona. Busa kuwa sana'ar maroƙa ce, ba a taɓa ganin ɗan gidanmu da abin busa a baki ba.

Ran kasuwa na hau keke. Sai da na zaga sau biyu kafin aka nuna mini Lado, mai teburin tocila da madubi da reza. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Zoza, na tambayi ciniki, sannan na rage murya na faɗi abin da ya kawo ni. Ya jawo wani kwali ya zube su a gabana.

"Wannan mai rami goma ce, ta mai koyo," in ji Lado. "Wannan ashirin da huɗu, hawa biyu. Wannan an buga mata C, waccan G."

"Mene ne bambancinsu?"

"Haruffa ne dai, Malam."

Shi ma bai sani ba, bakin kasuwa ne kawai gare shi. Ya ƙara da cewa in ka hura ta yi wani kuka, in ka zuƙa ta yi wani. Nan kaina ya daɗa ɗaurewa, don ban taɓa jin abin da ake zuƙa ya yi sauti ba. Shitu mai facin keke, wanda ba wanda ya kira shi, ya taso ya ce in ɗauki mai nauyi, ita ce mai ƙarko. Da ya ga na ɗauka kuma ya ce ai mai nauyi ba ta da zaƙin murya.

"To ka busa ka ji mana," in ji Lado.

Na ɗaga kai, sai ga surukina a rumfar masu goro, yana fuskantarmu. Na ajiye ta da sauri. Na ce da Lado shi ya busa mini.

"Ni sayarwa nake, ba na busawa. Ubana mai unguwa ne."

Shitu ma ya ƙi, wai kada baƙinsa su gan shi. Ga mu ƙarti uku a tsaye a kan sarewa, an rasa mai sa baki.

Sai na koma ga abin da na sani. Gyaɗa in ta yi ƙwari ta bushe, kana girgizawa za ka ji ƙwaya na motsi a ciki. Wadda ta yi shiru ba a saye. Na bi masu rami goman nan ɗaya bayan ɗaya ina girgizawa a kunne. Huɗu shiru. Ta biyar ta ce kacau-kacau. Na ce wannan ce mai ƙwaya. Na taya, Lado ya sallama nan take ba ko gardama, abin da ya ɗan dame ni a hanya, amma ban gano dalili ba.

Da la'asar na danƙa wa Lukumanu. Ya shafa ta ciki da waje, ya kai baki. Ramukan gefe suka yi kuka mai daɗi har matan gida suka leƙo. Da ya zo tsakiya sai iska kawai, fuu. Ya sake, fuu. Ya girgiza ta a kunnensa.

"Yaya, harshenta ya karye a ciki. Yaya aka yi ka zaɓe ta?"

Na gaya masa gaskiya, har da gyaɗar. Ya yi ta jujjuya sarewar a hannu. Kunya ta rufe ni, ga haushin kaina, ga fargabar kada ya ajiye ta ya juya wa bango fuska.

Na ce, "Zan mayar a canza. Sai dai wallahi ban san yadda ake gane ta ƙwarai ba."

"Sai an busa ake sani."

"Ka san ba zan iya ba."

"To ran kasuwa mai zuwa ka goya ni a keke."

Ban fahimce shi ba da farko. Na ce, "A tsakiyar kasuwa za ka busa? Ɗan Malam guda, jama'a na kallo?"

"Su yi ta kallo," in ji shi. "Ni wa zan gani balle in ji kunya?"

Na rasa ko murna zan yi ko kuka, sai na yi ta kallon ƙasa. Ya ce in duba masa takalmansa. Na laluba ƙarƙashin gado na jawo su, ashe gara ta cinye ƙafa ɗaya. Ban gaya masa ba. Na cire nawa na ajiye masa a bakin ƙofa.