Ranar da Teku Ta Zo Bikin 'Yar Pak Haji

A arewacin Jakarta ta gaba da ta baya ruwa yake zo mana. Koguna suna gangarowa daga duwatsun Bogor, teku tana turowa, ƙasa kuma tana nutsewa saboda rijiyoyin burtsatse sun tsotse ta. Mutanenmu sun saba. Mai hali sai ya ƙara wa ɗakinsa daɓe, har wasu sai sun sunkuya suke shiga ƙofarsu. Wannan sabo da suka yi ne yake ƙona mini rai.

Pak Haji Marjuki, mai unguwarmu, shi ya wuce gona da iri. Ya cike babban lambatun da ke kai ruwan layinmu wurin injin da ke zuƙe ruwa ya mayar teku, ya malala siminti, ya faɗaɗa shagonsa. Tun daga nan, duk lokacin da farin wata ya cika teku ta tumbatsa, a gidanmu ruwa yake sauka. Kifin gishirin da mahaifiyata take shanyawa, wanda da shi muke ci, ya riƙa ruɓewa muna kallo.

Na same shi a shago.

"Pak Haji, lambatun nan fa na kowa ne."

"A'a, ga injiniya! Yarinya Ratih, boko ne zai hana teku cika? Ki ce wa tsohuwarki ta ƙara daɓe."

"Da me? Da ruɓaɓɓen kifi?"

Masu shan shayi suka kwashe da dariya. Na haɗiye, amma ban yafe ba.

Sai ga bikin 'yarsa. Dattawa suka haɗa ranar haihuwar ango da ta amarya, suka fitar da rana mai sa'a, ba wanda ya dubi sama. Ta faɗo daidai cikar farin wata. Mu a kan titi ake biki, a tare hanya a kafa rumfa. In kuwa ana tsammanin teku, gayya ake yi a jera buhunan yashi a bakin layi. Na bi gida-gida, duk inda ruwan lambatun ya taɓa yi wa ɓarna, na ce wannan karon kowa ya tare ƙofarsa kawai.

Mahaifiyata ta ce, "Ke Ratih, amaryar me ta yi miki?"

"Ba komai, Mak. Kifinki me ya yi masa?"

Da hantsi ruwa ya shigo, baƙi ƙirin, da ledoji da warin kwata. Ya bi ƙarƙashin kujeru, ya kashe wutar tukwanen shinkafa. Dangin ango suka tattare zannuwa suka haye tebura. Pak Haji yana ta ihu, "Ina samarin unguwa? Ina buhuna?" Kowa yana bakin ƙofarsa, a bayan nasa buhunan.

Na ratsa ruwan na miƙa masa guduma.

"Hanya ɗaya ruwan nan ya sani, Pak Haji, kuma shagonka yana zaune a kanta."

"Ke ce ko, 'yar banza?"

"Ni ce. Surukanka suna jira."

Ya dubi uban ango a tsaye kan tebur da takalma a hannu. Ya karɓi gudumar. Da kayan biki a jikinsa ya shiga fasa daɓen shagonsa, sannan samari suka fito da shebur suka kwashe cikon, ruwa ya fara ja.

Amarya tana kuka, na kuma ji kukan har raina. Duk da haka ban matsa ba sai da na ga an ɗaga simintin ƙarshe.