Wutsiyar da Aka Yanke

Da hantsi aka kawo Bukar, ɗan ƙanena, likitar Diffa, asibitin gari, daga Shetimari. Kububuwa ce ta sare shi yana sakar wa tattasai ruwa. Da na iso, jini na tsattsafowa daga dasashinsa, uwarsa Gaji kuwa ta tare bakin gado.

“Ba za a yi masa ba, Yaya! Allurar nan ta kashe ubansa. Jinin gidanku ba ya shiri da maganin doki.”

Tun rasuwar ƙanena Umara, uban Bukar, dangi ke faɗar wannan magana, ni ma da na tsufa ina koyar da ilimin halittu a makarantar lise ban taɓa bin diddiginta ba.

Na ce wa majo, babban ma’aikacin jinya, ya miƙo kwalbar maganin dafin, na ɗora tabarau.

“Gaji, saurara. Gaskiya daga jinin doki ake ciro shi. Amma furotin ɗin nan ba dunƙule ɗaya ba ne, sashe-sashe ne, kowanne da naɗinsa da aikinsa. Hannu biyu masu cafke dafi, sai wutsiya mai tsokano jiki. Wanda aka yi wa Umara da wutsiyarsa ya shiga. Wannan an yanke ta.”

“Ke kika yanke?”

“Ga shi a rubuce a jikin kwalba.”

“To, ki rantse ba abin da zai same shi.”

Littattafai sun ce haɗarin ya ragu. Ba su ce ya ƙare ba, kuma na sha ganin littafi ya cika baki.

“Ba zan rantse ba. Amma dubi bakinsa.”

Ta duba. Ta matsa gefe.

Majo ya ɗaura masa maganin cikin ƙarin ruwa. Ruwan bai yi nisa ba jikin Bukar ya yi rudu-rudu, numfashinsa ya koma fito. Gaji ta ɗora hannu a ka. Innalillahi! Ni na buɗe wannan hanya. Majo ya tsayar da ruwan, ya caka masa wata allura a cinya. Na riƙe ƙarfen gado ina kallon ƙirjinsa, har ya fara ɗagawa sosai.

Majo ya ce sai an ci gaba, a hankali, don dafin na nan. Ya dube ni.

Gaji ta share wa ɗanta baki da gefen zane, ta dubi jan da ya fito.

“Sake masa,” in ji ta.

Kafin la’asar jinin ya tsaya.