Aladen da Ya Fi Ratu Girma

Ni ba malamin makaranta ba ne. Sunayen jiragen ruwa nake rubutawa da fenti, kuma ba wanda ya koya mini sai idona. Da Mereoni, shugabar makarantar ƙauyenmu a tsibirin Kadavu, ta roƙe ni in koya wa yara zane, na yarda don dalili ɗaya: zanensu ƙarya ne. Bishiyar kwakwar bakin ƙofa da ta tsallaken ruwa, duk tsayi ɗaya suke ba su. Yaron da ya saba ƙarya da fensir, gobe da baki zai yi ta.

Na kwashe su zuwa bakin teku. Na ce, "Na kusa babba, na nesa ƙarami, na gaba ya tare na baya. Ku zana abin da ido ya gani."

Wani sarkin surutu, Waisale, ya ce, "Malam, ke nan in babana ya tafi kamun kifi ƙanƙancewa yake yi?"

"Bakinka ne dai ba ya ƙanƙancewa. Zauna!"

Yarinya ɗaya ce ta gane sosai, Unaisi. Ta tsaya bayan gidansu ta zana aladensu a gaba, ya cinye rabin takarda. Gidaje suna ta raguwa har bakin ruwa, can ƙarshe kuma ga jan jirgin Ratu Semesa, sarkin garinmu, shi kansa a ciki kamar ƙwayar shinkafa. In ka duba, sai ka ji kamar ka taka ka shiga. Mereoni ta manna shi a bango.

Kafin rana ta faɗi uwar Unaisi, Salanieta, ta same ni ina fenti.

"Apenisa, kai ka sa 'yata ta yi alade ya fi Ratu girma?"

"Nesa yake."

"Nesa a gidan uban wa? Mu da ba ma miƙewa tsaye in yana zaune? Kai ba ka da 'ya'ya, shi ya sa kake ɓata na mutane!"

Magana ta zaga gari. Dattawa suka ce a yaga zanen, a kuma daina darasin. Unaisi ta daina zuwa makaranta. Ni kuwa zama ya gagare ni. In ɗauki burushi in ajiye, in je bakin ruwa in dawo. Sau biyu na ɓata sunan jirgin wani. In aka yaga takardar nan, yarinyar za ta koyi cewa gaskiya abin kunya ce, kuma ba za ta sake yarda da idonta ba.

Salanieta ta ɗauki saiwar yangona, wadda ake jiƙawa a sha a gaban manya, za ta kai wa Ratu ban haƙuri, ta ja 'yarta da zanen. Ba a gayyace ni ba, na bi su. Muka shiga a sunkuye, muka zauna a tabarma. Gwiwata sai rawa take yi.

Ratu ya karɓi takardar, ya kai ta kusa da hanci, ya janye, ya sake matso da ita. Ya daɗe.

"Wannan ɗigon ni ne, jikata?"

Unaisi ta ce, "E, Ratu," murya ƙasa-ƙasa.

"Aladen nan fa, na Salanieta ne? Ashe akwai irin wannan a garin, aka kawo mini ramamme ranar biki?"

Wani dattijo ya yi tari don ya danne dariya. Salanieta ta ƙara sunkuyar da kai.

"To, jirgin nan tafiya yake yi ko dawowa?"

"Dawowa, Ratu."

"Madalla. Ku bar ni, ina tafe, zan girma. Shi kuwa aladen ya kai iyakarsa, sai tukunya." Ya miƙa mata takardar. "Mayar da ita bango. Kai kuma Apenisa, ci gaba da aikinka, ka daina girgiza mini tabarma."

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Ba na son gaskiyar da sai an yi mata wasa kafin a bar ta ta wuce. Amma da safe Unaisi ta riga kowa zuwa aji, ta manna zanenta da kanta, a karkace. Na sa ta gyara.