Ɗan Ƙanen Hajiya Bilkisu

Ni na koya wa Mudassir haɗa sola, don haka kada wani ya zo ya gyara mani labarin nan. Ƙungiyarmu ta Ƙofar Marusa ce ta yi yarjejeniya da masu shaguna: mu horar da matasa marasa galihu, su kuma su ba su aiki. A baki kam, gwanin daɗi. Amma ka kai yaro wurin Alhaji, kafin a dubi aikinsa sai ka ji, "Ɗan gidan wa ne?" Haushi kamar ya kashe ni!

Mudassir ba shi da kowa a birni sai uwarsa Tani, wadda ta baro ƙauye da shi bayan rasuwar ubansa, tana wankau a Kambarawa. Duk inda na kai shi, da an ji sunan ƙauyensu sai a ce za a neme mu.

Hajiya Bilkisu, uwar ƙungiya, ta ce ita fa ta gaji. Ta ja shi da kanta zuwa shagon Alhaji Nu'uman, ta ce ɗan ƙanenta ne. Nan take aka ce ya yi gwajin wata guda, in babu matsala aiki ya zama nasa. Ba wanda ya tuna ya gaya wa Tani yadda aka yi.

Ranar da watan ya cika ina shagon, sai ga Tani da kwanon dambu, ta sha zanen sallarta, baki har kunne.

Alhaji ya dube ta sama da ƙasa. "Mudassir, wace ce wannan? Ko daga gidan gwaggonka Hajiya Bilkisu take?"

Yaron ya sunkuyar da kai.

Tani ta dubi ɗanta, ta dubi rigar shagon da ke jikinsa. Sai ta durƙusa.

"E, ranka ya daɗe. Aikatau nake masu. Hajiya ce ta aiko ni da abincin yaro."

Alhaji ya ce a gaida Hajiya, a kuma gaya mata an ɗauki ɗanta.

Na bi Tani har bakin titi, zuciyata na ƙuna. Ba ta yi kuka ba.

"Malam, ya dai iya aikin ko?"

Na ce ya fi kowa.

"To, alhamdu lillahi. Ka ce mashi ya kwantar da hankalinsa, ba zan ƙara zuwa ba."