Likitar Agwagi

Ni da Midhat tagwaye ne, rana ɗaya muka shiga ajin ƙarshe na sakandare a Damanhur, amma a gidanmu mutum ɗaya ne ke da jarrabawa. Shi ya zaɓi ɓangaren kimiyya, don haka tun kafin ya iya rarrabe hanta da ƙoda ake kiransa Dakta. Aka kashe talabijin saboda Dakta. Aka ba shi ɗaki mai fanka, Mama na kai masa ruwan mangwaro tana sanɗa kamar ɓarauniya.

Ni na zaɓi ɓangaren adabi, kuma na faɗa a gaban kowa cewa ilimin halayyar ɗan Adam zan karanta har jami'a.

"Halayyar ɗan Adam?" in ji Goggo Awatif, yayar Baba, wadda ke zaune a hawan da ke ƙarƙashin namu. "Wannan har sai an je makaranta? Zo ki zauna da ni a baranda yini ɗaya, in karantar da ke unguwar nan kaf."

Aka yi dariya. Aka kuma yanke cewa tunda karatuna hira ce, ba ya buƙatar fanka. Na kwashi littattafaina na hau saman bene, inda Mama ke kiwon agwagi. Na kifa bokiti ya zama kujera. Goggo ta raɗa mini suna Likitar Agwagi, sunan ya zagaye layinmu kafin la'asar.

Ban damu ba. Agwagi sun fi mutanen gidanmu ladabi; in na karanta musu babin tunani da mantuwa, ba mai tambaya ko za a ci abinci da shi. Ina buƙatar maki mai yawa kafin jami'a ta kalle ni, kuma shirun saman benen nan shi kaɗai na mallaka.

Sai ga Goggo wata safiya, tana haki, wai ta zo duba shanya. Ba ta da ko ɗankwali a kan igiya.

"Rihab, 'yar ƙanena, ke da kike karanta abin mahaukata, in mace ta yi mafarki tana tura wata cikin kogi, me ke nan?"

"Wace ce matar, Goggo?"

"Wata dai."

"Mai kama da matar ɗanki?"

Ta zauna daɓas a kan buhun dusa. Ba a korar baƙo, balle yayar uba, don haka na sauka na dafo shayi. Kafin ya huce na ji yadda surukarta ke dariya da ƙarfi, yadda take kiran ɗan Goggo da sunansa gatsal, da yadda ita Goggon ta taɓa faɗa wa tukunyar mahshin yarinyar, kayan lambun nan da ake cusa wa shinkafa, da gishiri cikin hannu, don ɗanta ya tuna girkin uwarsa.

"Wannan tsakaninmu ne," in ji ta. Da ta sauka kuma na jiyo ta a matakala tana ce wa maƙwabciya, "Na je gaida Likitar Agwagi, Allah ya shirya."

Washegari ta dawo. A rana ta uku ta zo da ƙawarta mai rashin barci. Kafin wata ya ƙare, matan layinmu sun gano cewa shanyarsu ba ta bushewa sai a saman benenmu. A ƙasa ni abin dariya ce, a sama ni asibiti ce, kuma asibitin da ke ba da shayi kyauta. Na kai ƙara wurin Mama.

"Haba Rihab, manya ne fa. Kuma ba abin da kike karantawa ke nan ba? Yi magana a hankali, Dakta na barci."

Dakta na barci. Ni kuwa babi huɗu na jirana, jarrabawa na matsowa. Na daure. Na koma tashi da asuba in yi karatu kafin marasa lafiyata su gama karin kumallo, na haddace abin da zan iya a kan matakala, tire a hannu. Amma haƙuri ma yana da gindi, kuma na kai gare shi ranar da Goggo ta ɗora kofin shayinta a kan littafina.

Na ɗauki alƙalami na gyara zama.

"Goggo, maimaita mini zancen gishirin nan. Cikin hannu ɗaya ne ko biyu?"

"Me za ki yi da shi?"

"Jarrabawa mana. Ana son misali daga rayuwa. Naki ya fi na littafi daɗi."

Kofin ya tsaya a iska. "Wa zai karanta?"

"Masu duba takardu. Malamai ne daga ko'ina, ba a san inda takarda za ta faɗa ba. Ba a garin surukarki akwai malamai da yawa ba?"

"Rihab! Ni fa na yi miki wankan jego!"

"Mama kika yi wa, Goggo. Kada ki damu, ba zan sa sunanki duka ba. Awatif kawai, Damanhur."

Ban taɓa sanin mace mai ciwon gwiwa na iya sauka bene haka ba. Kafin azahar labari ya gama layi: 'yar gidan nan tana kwashe asirin mutane za ta kai wa gwamnati. Shanyar kowa ta koma bushewa a barandarsa. Mai rashin barci ta warke. Aka daina ce mini Likitar Agwagi, aka koma gaishe ni da cikakken suna, ana sunkuyar da kai. Na samu makonnina na ƙarshe ni da agwagina, na cinye babi huɗun nan har da ɓawonsu.

Ranar da sakamako ya fito, makina ya isa, har da rara. Na Dakta ma ya isa wani abu, ana dai ta binciken ko mene ne. Mama ta rangaɗa guɗa, aka dama jan lemon sharbat aka raba wa layi. Goggo ta zo da kwalin alewa, ta rungume ni a gaban mutane, ta kai bakinta kunnena.

"Kin rubuta?"

Jarrabawarmu a shekarar nan duk zaɓi ce. 'Yan da'irori ne kake cikewa, na'ura ta duba. Babu wurin rubuta ko sunan kyanwa. Duk wanda ya shiga ɗakin jarrabawa ya san haka, Midhat ma ya sani, yana gefe yana danne dariya da kofi.

Na riƙe hannunta da ladabi.

"Goggo, ai da ke na ci."

Tun daga ranar, duk Juma'a sai ta aiko mini da tiren mahshi. Gishirinsa daidai.