Ko Reza Ba Ta Shiga

Kafintan nan mutum ne da ba a koya masa awo. Shekara ashirin da bakwai yana riƙe da zarto, don haka ranar da matarsa ta gaji kayan sautin mahaifinta, na'urar kaset da sifiku biyu da wata tsohuwar amfilifaya ta ƙara ƙarfin sauti mai nauyin tsiya, ya ce ta bar masa komai. Zai yi musu kabad na gani na faɗa.

Ƙanin matar, mai gyaran rediyo, ya leƙo shago ana cikin aikin.

"Yaya, amfilifayar nan zafi take yi. Ka ɗora ta a sama, ko ka bar mata faɗin tafin hannu ta sha iska."

"Kai waya ka sani, katako nawa ne," in ji kafinta.

Ya yanka mata gurbi can ƙasa, daidai jikinta, ko reza ba ta shiga tsakani. Ya toshe bayan da katako, sai ramin wayoyi kawai ya bari, ya sa ƙofar gilashi. Duk baƙon da ya shigo falo sai ya durƙusar da shi ya ga aiki.

Ita matar ba kiɗa ne ya dame ta ba. Kaset guda gare ta, wanda marigayin ya ɗauki muryarsa yana gwada na'urar, yana tari, yana kiran 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Shi take sawa da hantsi in tana guga.

Wata Asabar ta tafi dubiya asibiti. Gogan naka ya kunna kiɗa, ya ƙure murya, ya rufe gilashinsa, ya miƙe ƙafa. Wajen azahar sifikun suka yi ɗif. Sai ƙauri. Ya ɗora hannu a kan amfilifayar, ya janye ba shiri.

Da ta dawo ya tare ta tun a bakin ƙofa. "Wuta aka kawo da ƙarfi."

Wai wuta. Ga firji can yana ta gurnaninsa lafiya lau. Ta kira ƙaninta.

Ƙanin ya sha wuya kafin ya zaro ta daga gurbin, sai da ya sa sukundireba ya ɓanɓaro. Ya kwance murfin, ya leƙa, ya dubi kabad ɗin, ya dubi kafinta. Kafinta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Tsufa ne, Anti," in ji ƙanin. "Ta ƙone, kuma kayan irinta sun ɓace a kasuwa."

Rufin asirin nan ya fi zagi ciwo.

"Ba tsufa ba ne, laifina ne," in ji matar. "Kullum in zan kunna nakan buɗe ƙofar, in turo ta waje ta ramin wayoyin, in juyo mata fanka. Kafin ka dawo in mayar da ita. Yau na fita ban gaya maka ba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka sa ta."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Na ga aikin ya yi maka daɗi."

Wata takwas kenan tana durƙuso a gaban kabad ɗinsa, shi kuma yana nuna wa baƙi. Kunya ta rufe shi, har ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Ba wuta ba ce," ya ce a hankali.

"Na sani."

Ƙanin ya ce kaset ɗin zai yi a kowace amfilifaya, zai kawo wata gobe. Ta ce to. Sannan ta roƙe shi ya cire mata maɓallin ƙarin murya, wanda babban yatsan mahaifinsu ya goge wa fenti, ta ƙulle shi a bakin zaninta.

Washegari aka kawo sabuwar. Kafinta da kansa ya durƙusa ya gwada ta a gurbin. Ta fi shi faɗi da yatsa guda.